Yadda Ake Ba Ɗan Kwangila Izini Ba Tare Da An Ba Shi Kamfanin Ba

Duk kamfanin da zai kwashe imel da takardunsa daga tsohuwar kwamfutar da ke huci a ƙarƙashin teburin akawu zuwa Microsoft 365, sai ya nemi ɗan kwangila. Shi kuma ɗan kwangila sai ya nemi izini. Idan aka tambaye shi wane iri, amsarsa ba ta da tsawo: duka.

Wannan "duka" kujera ce mai suna Global Administrator. Wanda ke kanta yana iya sauya kalmar sirrin kowa, ya buɗe wa kansa akwatin imel na manaja, ya ƙirƙiri ma'aikatan da ba a taɓa haifa ba, ya kuma rufe wa mai kamfani ƙofa kafin la'asar. Microsoft da kanta ta ba da shawarar kada masu wannan kujera su kai biyar. Wasu ofisoshin sun fahimci hakan a matsayin biyar a kowane sashe.

Ba a ce injiniya, wato ɗan kwangilar, zai yi ɓarna ba. Mutumin kirki ne, yana sallama, ga shi da kwat. Matsalar ita ce ɓarawo ba ya bukatar halinsa, kalmar sirrinsa kawai yake nema. A 2013 ɓarayin intanet sun shiga kantunan Target na Amurka da bayanan shiga da suka sace daga wani kamfanin kula da na'urorin sanyaya, suka kwashi bayanan katin banki kusan miliyan 40. Masu gyaran sanyin ba su ɗauki ko allura ba.

Saboda haka ake bin ƙa'idar ɗan dako a ranar tashi daga gida: ana ba shi makullin ɗakin da kayan suke, ba a haɗa masa da na ɗakin uwargida da takardar fili. Idan imel zai kwashe, kujerar Exchange Administrator ta ishe shi. Idan takardu ne, ga ta SharePoint. Microsoft ta tanadi tsarin GDAP domin a yanka wa kamfanin waje izini daidai aikinsa, da ranar ƙarewa. Akwai kuma tsarin PIM a cikin Microsoft Entra, wanda ke ba mutum babbar kujera na 'yan awanni sannan ya janye ta, abin da har yanzu ba a iya yi wa wasu masu muƙami ba.

A buɗe masa asusu da sunansa. Kada a turo masa kalmar sirrin oga ta WhatsApp, ko da an rubuta "goge bayan ka karanta". A tilasta masa lambar tabbatarwa ta waya, a kuma riƙa duba rajistar abin da ya taɓa.

A nan ne zai ɓata rai ya ce, "Alhaji, ba ka yarda da ni ba ke nan?" Amsar da aka gwada ita ce, "Na yarda da kai, Injiniya. Kwamfutarka ce ba mu saba ba." Idan ya nace, a tuna masa cewa a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, mai kamfani ba ya sauke nauyin bayanan abokan ciniki don ya ɗauki ɗan kwangila.

Idan aiki ya ƙare, abubuwa huɗu ake yi: a gode masa, a biya shi, a kashe asusunsa, a janye izinin manhajar da ya yi kwashe-kwashen da ita. Yawanci ana tunawa da na farko, ana jan ƙafa a na biyu. Idan aka manta da sauran, injiniya zai ci gaba da zama mafi girman ma'aikacin kamfanin: ba albashi, ba fansho, ba kuma wanda ya san yana nan.