Oga, Ƙara Masa Wuta

Da rana ina aiki a wata masana'antar kwali a Madinar Masana'antu da ke kudancin Jidda, wadda 'yan gari ke kira Sina'iyya. Awa takwas ina tsaye gaban injin yanka, kunnuwana a toshe da soso. Da dare kuwa, a ɗakin da muke haya mu huɗu, sai in buɗe kwamfuta in koma tsohuwar sana'ata ta Zoo Road a Kano. Mawaƙan Kano da Kaduna da Maraɗi su turo waƙa, ni kuma in yi mata mastarin, wato gyaran ƙarshe kafin a sake ta. Abin da ake ɗorawa a ƙarshen wannan gyara shi ne limita, kuma a kansa na ga abokan shekara goma sun daina gaisawa.

Duk wanda ya taɓa ganin alhaji yana haɗa kaya ranar komawa gida ya san aikin limita. Sautin kwamfuta yana da iyaka, sifili a ma'aunin desibel, kuma ba ya ƙara ko taƙi; abin da ya haura shi fashewa yake yi. Jaka ke nan. Bugun ganga da na kalangu su ne kayan da ke tsini suna hana zif rufuwa. Limita shi ne ƙaton da ake kira ya zauna a kan jakar, tsinin ya kwanta, a samu wurin ƙara cusa wani abu. In ya zauna da hankali, waƙa ta cika ta yi kauri. In ya saki jiki, dabino ya dame, kwalbar turare ta fashe a cikin jallabiya. Iyakar aikin ke nan. Sai dai kamfanoni sun ƙera ƙattai iri-iri, kowanne da mabiyansa.

Dattawan sana'a 'yan Waves ne. Kamfanin ya fitar da L1 a 1994, ƙanensa L2 ya biyo baya, kuma wanda ya koyi aiki a zamanin da faifan CD ke tashe a Ƙofar Wambai bai ga dalilin sake aure ba har yau. Irin wannan dattijo lamba ɗaya gare shi. Ya ja sandar hagu ƙasa zuwa inda ya saba, shi ke nan: bege, waƙar amarya, waƙar siyasa, tallan maganin basir, duk awo ɗaya. Ka ambaci wani sabon limita a gabansa, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Yaro, da wannan muka aurar da rabin Kano." Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba.

Kishiyarsa shi ne ɗan gayun FabFilter. Wannan kamfani na Amsterdam ya fito da Pro-L 2 a 2017, da salo takwas na danna sauti da kuma allo mai kyan gaske, inda kake ganin waƙa tana gudana kamar ruwa, ana aske mata kai da jan launi. Ɗan gayun nan da ido yake saurare. Wani daren Juma'a wani irinsa ya kawo mana ziyara bayan isha'i, ya karɓe kujerata, ya ce bari ya nuna mini bambancin Modern da Transparent. Ya danna wannan, ya lumshe ido. Ya danna wancan, ya ɗaga yatsa. "Ka ji yadda sama ta buɗe? Ka ji bes ɗin ya zauna?" Na ce na ji. Abokin kwanana direban tirela, wanda bai san ko ina ake kunna kwamfutar ba, shi ma ya ce wallahi ya ji. Mun kusa minti arba'in a haka, shayi har ya huce, sai kiran mahaifiyata daga Kano ya shigo, ƙarar wayar ta fito raɗau ta cikin sifika. Ashe tun farko sifikar da wayata take haɗe ta Bluetooth, tsohon kwafin waƙar ne ke ta maimaita kansa. Kwamfutar ba ta fitar da ko tari ba. Baƙon namu ya gyara hula ya ce dama ya lura akwai wani abu.

A jikin Pro-L 2 ɗin nan akwai wani ɗan maɓalli mai alamar 1:1. Aikinsa ya rage ƙarar daidai gwargwadon yadda ka ƙara, domin ka ji abin da limita ya yi wa waƙar ba tare da ruɗin ƙarfi ba. Kunnen ɗan Adam yana da son zuciya: in aka jera sauti biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi yake zaɓa, ko da da desibel ɗaya ne. Yawancin gardamar "nawa ya fi naka" a nan take mutuwa. Shi ya sa ba a cika taɓa maɓallin ba.

Sai mai tarawa. Limita goma sha huɗu ne a kwamfutarsa, ko ɗaya bai saya ba, duk kirak ne da aka zuba masa a filasha tare da kyautar bairos. Ba ya zaɓe, jerawa yake yi: L2 ya danna, Ozone ya ƙara dannawa, Pro-L ya zauna a kan su biyun, hoton waƙar ya fito kamar bulo. Nan Saudiyya har mas'ala ta taso a ɗakinmu, ko kuɗin da aka samu da manhajar sata ya halatta. Na ce masa akwai LoudMax kyauta, halal tsantsa, sanda biyu kawai. Ya ce abin da aka bayar kyauta ai ba shi da nauyi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne malamin LUFS, domin shi ne mai gaskiya, kuma shi ne ba ya samun ciniki. LUFS ma'auni ne na yadda kunne ke jin ƙarfin waƙa gaba ɗayanta, ba tsinin bugu kaɗai ba. Malamin ya haddace babin: gidajen rediyo da talabijin na Turai sun tsaya a -23 tun ƙa'idar R128 ta 2010, Spotify yana daidaita waƙoƙi a -14, yana kuma ba da shawarar a bar tazarar desibel ɗaya ƙasa da iyaka, YouTube ma yana rage wa mai yawan ƙara murya. Saboda haka, in ji shi, wanda ya matse waƙarsa har ta shaƙe ya yi biyu babu: za a rage masa ƙarar, ga shi ya riga ya kashe gangar. Daga nan sai ya jawo tarihi, ya ba ka labarin yaƙin ƙara, da kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica a 2008, wanda aka matse har masoyansu suka yi ca, suka ce kwafin da ke cikin wasan Guitar Hero ya fi daɗin ji. Duk haka ne, Malam. To amma waƙar da ka gyara ba Spotify za ta fara zuwa ba. Kasuwar Farm Centre ta Kano za ta, wurin masu tura waƙa a memori. Daga can ta shiga adaidaita sahu, a sifikar da aka ɗaure da waya a bayan kujera, tana kokawa da salansa da hon da mai tallan fiya wata. Kafin ita an saka ta Hamisu Breaker, bayan ta za a saka ta Rarara. In taka ta shigo a hankali kamar sabuwar amarya, direba ba zai ƙara murya ba, wucewa zai yi. Washegari mawaƙi ya kira: "Malam, waƙata ba ta da lafiya ne?"

Mai Ozone ba ya shiga wannan rigima. Tun da iZotope suka saka wa manhajar mataimaki mai sauraron waƙa ya tsara komai da kansa, shi danna maɓalli yake yi ya tafi alwala.

Akwai kuma yaron FL Studio, ɗan shekara sha tara, wanda bai taɓa jin kalmar LUFS ba. Abin da ya sani Soundgoodizer, mai murɗi guda ɗaya tal da haruffa huɗu, A zuwa D. Ya murɗa har ƙarshe. Ka tambaye shi me yake yi, ya ce, "Yaya, daɗi yake ƙarawa." Waƙarsa ce mata ke rawa da ita a TikTok wata uku, mu kuma masu ilimi muna gefe muna cewa tsakiyarta ta cushe.

Dukkanmu dai bayin mutum ɗaya ne, Alhaji mai biyan kuɗin situdiyo. Shi bai san sunan limita ko ɗaya ba, ba ya kuma bukata. Za ka tura masa aikin da ka kwana kana yi da hedifon mai tsada, ya kanga gindin waya a kunne cikin hayaniyar kasuwa, ya saurari daƙiƙa goma, sannan ya kunna ta abokin hamayyarsa. Saƙon murya ya iso: "Oga, aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma ka ɗan ƙara masa wuta." Ka ƙara. "Saura ƙiris." Ka ƙara har allura ta kwanta a ja ta ƙi tashi. In lokacin zaɓe ne ma ba a tambaya. Waƙar da za a ɗora a kan motar kamfen ba ta san numfashi ba.

Ni kuwa ina cikin masu raba ƙafa. Kwafi biyu nake yi, ɗaya don Allah, ɗaya don Alhaji, kuma har yau ba a taɓa zaɓar na farkon ba. Ga shi bayan awa takwas a gaban inji, kunnen da nake taƙama da shi sai ya yi sa'a biyu yana shuu kafin ya dawo hayyacinsa. Watan jiya na kwana biyu a kan wata waƙar biki, na gwada limita uku, na zauna ina auna rabin desibel kamar mai sayar da zinari. Ranar Asabar ƙanwata ta turo mini bidiyo daga wurin bikin a Kano. Janareta na ruri, sifikar DJ ɗaya ta yage tana zizar ƙudan zuma, MC yana ihu a kan baitin da na fi wahala a kansa yana kiran dangin ango su fito liƙi. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, waƙarka ta tashi kan mutane." Na kalla sau biyu a lokacin hutun azahar, na mayar da soson kunnena, na koma kan kwali.