Wasiƙa daga Niyok: hurar da aka manta da hatsinta

Zuwa ga amaryata Hajiya Kaka, a Tasawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki mai sanin zuwan hunturu kafin kowa. Ina gaida Baba da Inna da duk mai sa hannu a akushin gidan. Auta, na san kai ne mai karanta mata. Ka ɗaga murya, kuma kada ka tsallake wuraren da na taɓa ta, don in na kira sai na tambaya.

Kaka, saƙonki ya iso, wai kin ji na rame saboda babu mai dama mini hura. Rabin maganar gaskiya ne. Hura kam akwai ta a Amurka, hatsin ne suka manta ba su sa ba. Sunanta milkishek. Kada ki wahalar da sauran haƙoranki wajen faɗa, ma'anarsa madarar da aka girgiza, shi ke nan.

Ran da na fara shan ta, a zafin watan Yuli ne, na gama yawon kai wa mutane abinci bisa keke a unguwar Bronx. Na shiga wani shagon abincin gaggawa na nuna hoto da yatsa. Aka miƙo mini kofi, abin ciki ja-ja kamar an tauna goro an tofa a nono. Babu ludayi, sai wani tsinken roba mai rami. Na zuƙa, na zuƙa, har kumatuna suka gaisa da juna, abu ya ƙi hawowa don kauri. Da ya hawo kuwa, sanyi ya soke ni a tsakiyar goshi, na dafe kai ina salati, wata tsohuwa tana tambayata ko a kira motar asibiti. Kuɗinsa dala shida. Kada ki ce da araha, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Sama da jika uku ke nan. Ki lissafa tiya nawa ta hatsi za ki auno da su ranar kasuwa. Kafin la'asar cikina ya soma kiran ciroma. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Amma daɗi, tsakani da Allah, akwai daɗi. Shi ya sa ni da abokin zamana, wani ɗan Mayahi da ba ya sakin kuɗi sai sun yi kuka, muka ce gara mu haɗa abinmu a ɗaki. Muka sayo injin markaɗe na hannu, wanda ya riga ya ga duniya. Ki ɗauka maburginki ne aka sa wa lantarki da mugun hali.

Kada ki raina maburgin nan. Wani Ba'amurke mai suna Ray Kroc tallar irinsa yake yi a da. A 1954 ya ji labarin wasu ƴan'uwa biyu a garin San Bernardino sun sayi guda 8, kowane yana burga kofi 5 a lokaci ɗaya. Ya ce bari ya je ya ga wane irin shago ne ke shan wannan burgi. Daga zuwa kallo ya shiga harkar, ƙarshe ya saye ta, ita ce McDonald's da ta cika duniya yau. Ke kuwa shekara nawa kina burga nono a ƙwarya, ko rumfa ba ki kafa ba. Da kin auri mai wayo irina tun farko, da yanzu muna da reshe a Gazawa da Maijirgi.

Ga yadda ake yi, ko za ki gwada ran da aka yi sa'ar wuta. Ludayi uku na daskararriyar madara mai zaƙi, wadda yaran birni ke lasa, su ce mata askirim. Rabin kofi na madara mai sanyi. Cikin tafi guda na ƴaƴan itacen da suke kira sitiroberi, waɗanda suka kwana a firigo suka yi tauri. A rufe, a danna, a ƙirga talatin. In madara ta yi yawa ya zama tsala, in aka jefa ƙanƙara ya zama ruwan wanke ƙwarya. Kaurin shi ne mutuncinsa: in ka tsaida tsinken a tsakiya bai faɗi ba, ya yi.

Kin ji na ce a rufe. Ɗan Mayahi bai ji ba. Ya ce a garinsu ba a rufe ƙwarya ana cikin damu. Ya danna. Kaka, rufin ɗaki ya sha, labule ya sha, hular sallata ta sha, mu ne kaɗai ba mu sha ba. Yana tsaye madara na ɗiga daga gemunsa, bai damu da komai ba sai tambayar nawa muka yi asara.

Su ƴaƴan itacen nan ma, na dube su da kyau. Sitiroberi ja ne, jikinsa duk ƙuraje, ga ɗan tsami. Akwai wani baƙi-baƙi, buluberi, wanda in ɗinya ta gan shi za ta ce ƙanenta ne da bai ji rana ba. Ana jera su cikin ƴan akwatunan roba kamar kayan lefe. Na tuna magarya da kanya da kurna da muke cika aljihu da su a hanyar gona, awaki na tayawa, babu mai cewa kawo ko dala. Ɗan Mayahi ya ce duk cikinsu babu kamar gorubar Gulbin Kaba. Na ce ya jefa ta a injin in yana son mu kwana ofishin ƴan sanda.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kuka. Kin tuna yadda kike tsare mai tallar nono, ki ɗanɗana, ki yamutsa fuska, ki ce ta sa kwalba don ya yi kauri? To a nan garin ƴaƴan kukar nan ake ƙullawa a leda mai hoto, a sayar a shagunan masu kula da lafiyar jiki, su zuba a milkishek ɗinsu suna yabon amfaninsa. Tun 2008 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da shi a matsayin abinci, Amurka ta biyo baya a 2009. Abin da kike kira ha'inci, su magani suke ce masa. Ki nemi baiwar Allah nan ki roƙe ta gafara.

Daga ƙarshe dai na koma gida ta cikin injin. Na samo garin hatsi a shagon ƴan Afirka, na sa citta da kanumfari da ɗan barkono, na dunƙula, na dafa. Turmi babu, kuma ko akwai, maƙwabcin ƙasa ba zai bari a kirɓa masa dawo a bisa kai ba. Sai na jefa dunƙulen a injin, na zuba kindirmonsu na roba, na rufe da hannuna biyu. Ta yi laushi ƙwarai, har ta wuce misali, babu gudajin nan da ludayi ke farauta a gindin ƙwarya, babu ƙamshin ƙwaryar kanta. Duk da haka na sha da hantsi, ban sake tuna abinci ba sai bayan isha'i. Ɗan Mayahi ya jefa sitiroberi uku a tasa, wai hurar zamani. Na bar shi da Allah.

Yanzu ga saƙo. In an sami mai tahowa, ki aiko mini da ludayin duma guda da ƙaramar ƙwarya, da garin ƴaƴan kuka mai yawa, don ina da niyyar kasuwanci. Kilishin Tasawa kada a sako, ko yaya raina ke so. Ba a barin naman ƙasarmu ya shigo ƙasar nan, a filin jirgi ake karɓewa, kuma ba zan iya tsayawa ina kallo ba.

Na aika da ɗan abin goro ta hannun Baba. Naki ne ke kaɗai, kada tsohon mijinki ya ji labari.

Wassalam. Angonki na Niyok.