Majalisar Masu Jiran Caji

Ba a sanin ra'ayin mutum sai an raba shi da wayarsa. Muddin tana hannunsa kansa a sunkuye yake, ko gobara ka ce masa ana yi sai ya ce "to, madalla." Shi ya sa a Kano babu majalisar da ta kai ta ƙofar shagon mai cajin waya albarka. Wuta ta ɗauke tun shekaranjiya, janareta na ta kuka, wayoyi sun jeru a kan katako kowacce da 'yar lambarta, masu su kuma suna kan benci, hannu wayam, baki cike da magana. Abin da na lura da shi a irin wannan zama shi ne, ra'ayin kowa a kan waya da intanet da doka ba daga karatu ya samo shi ba. Daga inda abin ya taɓa cizonsa ne.

Wanda ke fara buɗe fili shi ne Injiniya. Bai taɓa taka ƙofar kwalejin fasaha ba, abokai ne suka naɗa shi, shi kuma bai yi musu ba. Da ka miƙa wayarka zai tare ta a hanya, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa bayanta kamar mai zaɓen kankana, sannan ya girgiza kai.

"Nawa suka ba ka wannan, abokina?"

Kowane farashi ka faɗa, an cuce ka. Yana da ilimi guda ɗaya na gaske, kuma ba ya gajiya da fitar da shi: Tecno da Infinix da itel uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. In ya faɗi haka sai ya yi shiru yana jiran a yi salati. Sauran iliminsa kuwa sai dai a yi haƙuri da shi. Cajin janareta na kashe batir, amma kullum a nan yake caji. Tasa wayar an ɗaure ta da kyauro, gilashinta ya tsage gida huɗu, ba ta karɓar wuta sai an jingina ta da dutse. Wani ɗan jagwal ne ya ɗora masa ita a kasuwar Farm Centre, kuma tun ranar ya rantse ba za a sake cutar kowa ba sai ya sa baki.

Kusa da shi akwai yaron nan mai iPhone, wanda ya sayar da babur ya saye ta Landan-yus. Ra'ayinsa ɗaya ne tak: sauran duk ba waya ba ne. Ba ya sa ta a aljihu, kifa ta yake a kan gwiwa don a ga tambarin. In zai kira gida sai ya ari ta Injiniya, don tasa ba kati.

Daga can ƙarshen benci, inda inuwa ta fi kauri, Alhaji ke zaune da 'yar rakani-kashinsa wadda caji ɗaya ke kai ta mako. A gaskiya ba caji ya kawo shi ba, hira ce. Shi ne ma'ajin tarihi. Yana nan a 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya, lokacin da layi kaɗai ke haura naira dubu ashirin, ana cajin naira hamsin a minti ko da sallama kawai ka yi ka kashe, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Layinsa ya canza suna daga Econet zuwa Vmobile, zuwa Celtel, zuwa Zain, zuwa Airtel, amma shi a bakinsa har gobe Econet ne. A ganin Alhaji, tun daga kiran dare na kyauta tarbiyya ta kama hanyar lalacewa: waya ce ta kashe zumunci, ita ta hana yara gaisuwa, ita ta kawo mutuwar aure. Yana gama wannan hudubar zai jawo wani yaro gefe, ya zaro 'yar memori daga cikin hula.

"Kai ɗan nan, kai wa mai turi ya zuba min fassarar Algaita. Ta iyali ce, ba tawa ba."

Sai Kawu Tura-Wa-Kowa. Kowane dangi na da irinsa, wani lokaci Gwaggo ce. Kafin a idar da sallar asuba ya riga ya zuba saƙon murya bakwai a guruf ɗin 'yan uwa, kowanne yana farawa da "Jama'a don girman Allah duk wanda ya ji ya tura." Wani likita ne a Indiya ya gano, wani babban soja ne da ya nemi a sakaya sunansa ya tona, wata lamba ce in ta kira ka ka ɗauka shi ke nan. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, irin su Kawu ne suka tashi ƙasa da tsakar dare a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har wasu suka kwana a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu. A 2020 ya tabbatar wa kowa cewa 5G ce ke kawo korona, alhali sai a 2022 aka fara sayar da 5G ɗin a Najeriya. Da WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a 2019, Kawu bai karaya ba, sai ya riƙa turawa biyar-biyar har ya zagaye kowa. In ka nuna masa labarin ƙarya ne, amsarsa ba ta canzawa: "To ai ni ma turo min aka yi." Ni dai ban iya jin haushinsa da yawa. Duk abin nan da yake yi, so yake kada wani nasa ya mutu bai gargaɗe shi ba.

Amma tauraron majalisa shi ne Barista. Ya taɓa raka wani abokinsa kotun majistare a Nomansland sau ɗaya, daga nan ya dawo da sassan doka cike da baki. Komai a wurinsa sashe ne. In mai shago ya ba shi cajar da ba tasa ba, an take masa haƙƙi. Ya san sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma a nan ya rufe littafin. Bai kai ga sashe na 45 ba, wanda ya ba gwamnati damar taƙaita wannan 'yanci da sunan tsaro da zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Bai kuma so a tuna masa cewa ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod, ko kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai, wanda aka yi ta kama 'yan jarida da shi har aka yi masa gyaran fuska a 2024.

Barista na da garkuwa biyu da ya yi imani babu alƙalin da zai iya hudawa. Ta farko, ya fara rubutu da "wai." Ta biyu, ya rufe da "ra'ayina ne." Tsakanin waɗannan biyun yana iya kiran kansila ɓarawo, ya kira ciyaman ɗan fashi, ya kwanta ya yi barcinsa.

"Malam, ba abin da za su iya! Beli ma kyauta ne, a rubuce yake a jikin bangon caji ofis."

Ranar da baƙuwar lamba ta kira shi, murya mai kauri ta ce "Kai ne wane?", kafin a gama tambaya ya goge rubutun, ya canza hotonsa zuwa na Ka'aba, ya rubuta cewa wasu ɓata-gari sun yi masa kutse a shafi. Ashe mai kawo saƙo ne a babur ya ɓata hanya.

Abokin gabarsa na dindindin shi ne Malam A-Rufe. Maganin kowace matsala a wurinsa kwaɗo ne. A rufe TikTok, a rufe Facebook, a kama su duka a aske musu kai. Ya yi murna a watan Yunin 2021 da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter, ko da yake da VPN ya shiga Twitter ɗin ya bayyana murnar tasa, kuma haka ya yi ta shiga har aka buɗe a Janairun 2022. Ranar da wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tarar naira dubu goma da sharar harabar kotu na kwana talatin, a Nuwamban 2022, saboda shaguɓen da suka yi wa Gwamna Ganduje, cewa ya yi an yi musu sassauci. Abin da ke ɗaure min kai da shi shi ne zurfin bincikensa. Ya san kowace 'yar TikTok da sunanta da unguwarsu, ya san wadda ta canza mota, ya san rigar da ta sa a bidiyon jiya.

"Kai Malam, ya aka yi ka san duk wannan?"

"Ai dole mu bibiya, don mu san irin ɓarnar da za mu yi wa Hisba bayani."

Datarsa ba ta kwana uku.

Akwai kuma Mai Zargi, wanda ya manna baƙin salatif a kan kyamarar wayarsa saboda Yahudawa na kallonsa. Me za su gani, ban da silin ɗin shagon tela, shi ya sani. Da aka ce a haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, zamanin minista Pantami, ya rantse ba zai ba da yatsunsa ba, sai da aka toshe layin ya je ya kwana a layi. Wannan mutumin da ba ya yarda da gwamnati, ba ya yarda da Amurka, ba ya yarda da Bill Gates, shi ne wani ya kira ya ce masa sunansa ya fito a tallafi, ya karanto masa BVN da lambobin bayan katinsa har da 'yar lambar da banki ya turo, a tsanake, yana maimaitawa don kada a yi kuskure.

Hajiya ba ta zama a benci, yaro take aikowa da wayoyi uku a leda, amma ra'ayinta na isowa tare da su. Ita ce mai atamfa da turaren wuta da kayan kicin a sitatus, kuma a duk majalisar ita kaɗai ce waya ke kawo wa kuɗi maimakon ta cinye su. Ba ruwanta da sashe na 39. Dokar da take so guda biyu ce: a ɗaure masu tura alat na bogi, a kuma yi wani tanadi na musamman a kan matan da za su tambayi farashin kaya goma sha biyu, a turo musu hoto ta gaba da ta baya, sannan su ce "bari Abban su Hanifa ya dawo." Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutane ke sayen naira da naira a wurin masu POS, ta daina sakin kaya sai ta ga kuɗi sun zauna a asusu da idonta. Ko kai ne mijinta, "ya fita daga wajena" ba hujja ba ce.

Wanda ya fi kowa haƙuri a bencin nan shi ne Ɗan Baiwa, attajirin gobe. Tun wajen 2019 yake danna alamar walƙiya a manhajar Pi sau ɗaya kowace rana, bai taɓa fashi ba, abin da ko sallar asuba ba ta samu daga gare shi ba. An gaya masa kowane Pi ɗaya zai kai dala 314,159, ya ɗauki biro ya lissafa, ya ga ya wuce Ɗangote, sai ya fara yi wa mutane magana a hankali irin ta masu kuɗi. Ya zaɓi fili a Nasarawa GRA, ya yi wa mai shayi alkawarin kujerar Makka. Da Pi ta fito kasuwa a Fabrairun 2025, ko dala biyar ba ta taɓa ba. Kafin nan ya yi Hamster Kombat a 2024, ya yi ta dukan gilashin waya da yatsa huɗu har ya yi kanta, ranar rabo abin da ya samu bai biya kuɗin cajin da ya kashe ba. Yayansa ma haka MMM ta yi masa a Disambar 2016, abin kamar gadon gida. Kada ka kuskura ka ce masa an yi asara.

"Yallabai, ba ka fahimci tsarin ba ne. Wannan farashin na 'yan gaggawa ne. Mu masu riƙewa muke."

Sai ya nemi aron naira ɗari biyu ya karɓi wayarsa, za a haɗa a biya ka gaba ɗaya in abu ya fashe.

Akwai wani kuma da ba na so in manta, Mai Sallama. Shi ya gaji da soshiyal midiya, kuma a soshiyal midiya yake sanar da haka. Duk bayan wata biyu zai rubuta doguwar wasiƙar bankwana: ya gano cewa duk munafunci ne da hassada, zai koma ga karatu da noma, duk wanda ya ɓata wa rai ya yafe masa, mai nemansa ya neme shi a layi. Ya kawo wayar caji da sassafe, ya ce wa mai shago ko ta cika kada a kunna. Kafin azahar ya leƙo sau uku. A na huɗun sai ya sunkuya ya rage murya.

"Maigida, ɗan kunna min ita minti ɗaya. So nake in ga su wa da wa suka ce kada in tafi."