Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Ƙwaƙwalwar Laftof

Ranki ya daɗe,

Ya zafi? Na rubuto ne a madadin masu haɗa sauti na Maiduguri, daga Gwange har Bulumkutu, masu ɗaukar waƙar biki da tallan rediyo a ɗakunan da aka manna wa soso a bango.

Kowa ya shaida ke mai tattali ce. Tun shekarar 2000, da Intel ya zo da SpeedStep, AMD kuma da PowerNow!, kika koyi rage gudu da zarar aiki ya lafa, don batir ya kai yamma. Mu da muka sha duhun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun lantarki na hanyar Damaturu, gari ya koma kan janareta da sola, ba za mu zagi mai tsimin wuta ba.

Amma Hajiya, sauti ba ya jiran kowa. Muna gutsurar murya sau 48,000 a kowace daƙiƙa, mu miƙo miki ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri guda 128. Ke nan lokacin da kike da shi na sallamar ɗauri ɗaya bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Mawaƙi na yin shiru ya ja numfashi, sai ki ce an tashi, ki kishingiɗa. Ganga da algaita su faɗo tare da 'yan amshi, kafin ki miƙe ki gyara ɗankwali lokaci ya wuce. Sai ƙaras-ƙaras a sifika. Mai waƙa ba ke zai harara ba, mu zai ce ba mu iya aiki ba, ya nemi ragin kuɗi.

In muka ƙara ɗaurin ya kai 1,024 don ki samu sararin hamma, muryar mawaƙi za ta dawo kunnensa a makare da fiye da kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa. Daga nan sai ya ruɗe, ya saki kiɗa, ya riƙa bin sawun kansa.

Mun bi ta hannun hukuma. A Linux an naɗa miki gwamnoni: akwai mai tsimi, akwai mai jira sai an roƙa, akwai mai cewa a yi ta gudu ba hutu. Na ƙarshen nan muka zaɓa. Masu Windows da manhajar FL Studio su ma sun shiga saitin wuta sun ɗaga ki zuwa ƙololuwa. A 2024 ma facin PREEMPT_RT ya shiga Linux 6.12 don aikin gaggawa ya riƙa wucewa gaba. To ina amfanin share titi in direba na gyangyaɗi?

Sai kika ɓullo ta wata hanya. A watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe miki fanka. Ki zabura da Turbo Boost har jikinki ya doshi digiri 100, sannan ki taka birki da kanki don kar ki ƙone. A nan babu gwamnan da kike jin maganarsa.

Don haka mu yi sulhu. Abin da muke roƙo shi ne taku ɗaya daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, ko da matsakaici ne. Mu za mu kashe Turbo, mu jona caja, mu rufe intanet, mu hure miki ƙura, mu ɗaga ki daga kan kujerar soso iska ta ratsa ƙarƙashinki. Ke kuma ki daina barci tsakanin baiti da amshi. In an gama ɗauka, ki yi tsiminki har asuba, babu mai tashin ki.

In kuma kin ƙi, akwai mai shagon buga takardu a bakin Jami'ar Maiduguri da ya daɗe yana taya ki. Sai ki ƙare kina jera kundin ɗalibai, babi na ɗaya zuwa na biyar.

Ki huta lafiya, amma ba yanzu ba.

Naki mai biyayya,
Wani mai haɗa sauti, Maiduguri