Lauyan da Bai Iya Cewa A'a Ba

A gaban alƙali ina iya miƙewa in ce "ban amince ba, ya Mai Shari'a" sau goma kafin azahar, muryata ko rawa ba ta yi. Amma gwaggona ta zauna a falona, ta kwance ƙullin leda, ta zaro tsohuwar takardar fili wadda gara ta cinye gefenta, ta ce "Barista, ga 'yar magana," sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Abu ɗaya ne ke fitowa: "Ba komai, Gwaggo, bar shi a hannuna." Yau shekara goma sha ɗaya ina barin abubuwa a hannuna, har hannun ya fara karkarwa.

A Bagauda, reshen Makarantar Horas da Lauyoyi da ke Kano, an koya mana yadda ake shigar da ƙara, yadda ake tsare mai shaida da tambayoyi, har da yadda ake rusuna wa kotu. Yadda ake sallamar ɗan uwa hannu rabbana kuwa, ko dai ba ya cikin manhaja, ko ranar ina barci.

Na fara aiki ne a ofishin wani babban lauya, inda ba a tashi sai maigida ya tashi, shi kuwa maigida kamar ya yi rantsuwa ba zai ga gidansa da hasken rana ba. Bayan shekara biyar na ajiye aiki, na kama ɗaki biyu a saman wani kantin magani, na yi wa kaina alkawari uku: zan riƙa tattaki bayan sallar asuba, zan rufe ofis kafin magariba, kuma ba zan taɓa tsaya wa wanda na san shi ne azzalumi ba. Har rubutawa na yi na manna a bango. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Tsohon maigidana aƙalla yana tafiya Umara in samu sararin mako biyu. Sabon maigidana, wato bakina, ko hutun shekara da kotuna ke yi a damina ba ya ɗauka.

Mutanenmu ba sa ɗaukar maganar lauya a matsayin haja. Wanda ba zai taɓa shiga Kantin Kwari ya yanki yadi biyar ya ce a bar shi don zumunci ba, shi ne zai tare ka a wurin ɗaurin aure da rikicin gadon da ya shekara ashirin, ya ƙare da "Allah Ya saka da alheri." A 2023 an fitar da dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai karɓa a kan aikinsa. Na buga ta, na sa a firam, na rataye kusa da alkawuran nan uku. Tun daga lokacin an biya ni da zabi biyu, da buhun gero, da wata hula zanna wadda ta yi mini kaɗan. Kuɗin lasisin aiki kuwa, da ake so a biya kafin ƙarshen Maris kowace shekara, har yau ba a fara karɓarsa da zabi ba.

Na daɗe ina kiran wannan hali taimako. Ƙarya nake yi wa kaina. Rabinsa kunya ce, rabin kuma daɗin da nake ji in an ce "ai Barista ba ya mayar da kowa." Na gane haka ne a kan shari'ar wata bazawara da aka ƙwace wa gida. Mun faɗi a Babbar Kotu, kuma doka ta ba mu wata uku mu ɗaukaka ƙara. Fayil ɗinta ya nutse a ƙarƙashin na ɗan aminin kawuna da na maƙwabcin surukina, sai da wa'adin ya wuce da kwana tara na farga. Dole na koma roƙon kotu ta ƙara mana lokaci, ina lalubo dalili mai kyan gani, alhali dalilin gaskiya shi ne na ce "to" ga mutum arba'in. Matar nan ta zo tana yi mini godiya a kan ƙoƙarina. Da ta zage ni, da na fi samun barci.

Alkawari na uku ma bai tsira ba. Wani dattijo da ya yi zaman makaranta da mahaifina ya zo da maganar gona. Ina cikin karanta takardun na gane so yake ya hana ƙannensa mata rabonsu. A zuciyata na shirya masa wa'azi mai ratsa jiki, da ayoyin gado na Suratun Nisa'i a jere. Da na buɗe baki sai na ji ina cewa, "Baba, yaushe ne zaman?" Sau biyu ina neman a ɗage zama ba gaira ba dalili, ina fatan ya gaji ya nemi wani. Wato na rasa ƙarfin halin ƙin zalunci, na kuma rasa na yin sa sosai. A ƙarshe ƙanin abokin aikina na tura ya mayar masa da fayil, ni kuma na kashe waya kwana biyu kamar wanda ake bi bashi.

Jiki shi ne ya fara cewa a'a a madadina. Wata ranar Afrilu, cikin baƙar riga da hular gashin nan da Turawan Ingila suka bar mana gado ba tare da sun bar mana sanyinsu ba, ina tsaye ina jawabi sai na ga alƙali ya zama biyu. Na farko ma bai gamsu da hujjata ba, balle na biyun. A asibiti likita ta ce daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini, nawa kuwa ya wuce nan ko waiwaye bai yi ba. Ta tambaye ni abincin da nake ci da rana. Na ce goro da lemon kwalba. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Barista, dole ka rage aiki."

"In sha Allahu, Likita."

Na miƙe zan fita sai ta ce, "Af, tunda Allah Ya kawo ka, akwai wani fili na mijina a Ɗanbare..." Ba sai na faɗi amsar da na bayar ba. Fayil ɗin yana kan teburina yanzu haka.

Uwargida ce ta ɗauki matakin da na kasa. Ta ce tunda a'a ta gagare ni, in riƙa cewa "zan duba littafina," ita kuma ta riƙe littafin. Ranar Juma'a da Lahadi ta ja musu jan layi. Gaskiya abin ya yi aiki. Na tura mutum huɗu Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 domin masu ƙaramin ƙarfi, babu kuma wanda ya daina gaishe ni a masallaci. Na koma tattakin asuba, ko da yake na canja hanya, saboda a tsohuwar akwai mai shayin da ɗansa ke tsare.

Jiya da daddare Gwaggo ta kira. Na gyara murya, na dubi uwargida, na ce, "Gwaggo, zan duba littafina."

Ta ce, "Duba, ɗan nan, ina riƙe da wayar. Ai ma na riga na faɗa musu ka karɓa."