Masu Sayen Kwamfuta da Idon Aro

A kasuwannin kwamfuta, ko a Titin Beirut na Kano ko a Banex ta Abuja, mutum yakan shafe sa'a guda yana tambaya a kan kayan cikin na'ura waɗanda ba zai taɓa gani ba, amma allon da zai zuba wa ido kullum har shekaru, kallo ɗaya yake yi masa ya ce ya yi. Alhali a kwamfutoci da yawa ana iya ƙara ram, ana iya sauya ma'ajiya, amma allo in ya zo maras kyau sai dai a yi ta haƙuri da shi, ko a kai wa mai gyara ya ɓalle rabin na'urar. Ni dai a ganina allo da ido ake sayensa, idon mai shi, kuma a irin hasken da zai yi aiki a ciki. Masu saɓa wa wannan kuwa kashi-kashi ne.

Na farkonsu shi ne wanda ya haddace kalma ɗaya tun daga gida: Core i7. Da ita yake sallama, da ita yake ciniki, kuma da zarar ya ga tambarinta a gefen madannai ya gama bincike. Kamfanoni sun san da zamansa. Don farashi ya sauko, sai su haɗa furosesa mai ƙarfi da allo mafi araha, irin wanda ake kira TN, wanda launinsa ke sauyawa da zarar an karkata murfin kaɗan. In mutum uku suka zauna kallon fim, na tsakiya ne ke ganin Ali Nuhu, na gefe biyu inuwarsa suke gani. Allon IPS ba ya wannan halin, launinsa na nan ko ta ina aka leƙo. Amma mutuminmu ba zai tambaya ba, domin sunan allo ba ya cikin abin da zai yi alfahari da shi a majalisa.

Sai mai son sheƙi. Shi kam yana kallon allo, amma a cikin shago, inda aka kunna masa bidiyon furanni da aku mai jan fuka-fuki, gilashi na ɗaukar ido. Ranar da ya fita da kwamfutar gindin darbejiya, ko ya zauna kusa da tagar ofis, ba abin da zai gani sai fuskarsa da hularsa. Allo mai santsin gilashi yana mayar da hasken waje cikin ido, mai dishi-dishin fuska kuwa yana watsa shi. Ga kuma ƙarfin hasken allon kansa, wanda ake aunawa da nit. Masu araha sukan tsaya wajen 250, cikin ɗaki 300 ya wadatar, mai aiki a inuwar waje kuwa gara ya nemi 400 ko fiye, musamman a ƙasar da rana ba ta wasa.

Mai inci ba ya buƙatar dogon bayani. Babba yake so, inci 15.6, ko da ɗigon da ke cikinsa 1366 a 768 ne, wato kusan rabin na allon 1920 a 1080. Ya samu faɗi, haruffa kuma sun yi gashi-gashi. Kishiyarsa shi ne mai 4K, wanda ya ji cewa ɗigo miliyan takwas da ɗoriya shi ne ƙarshen zance. A kan allon inci 14 rubutu zai ƙanƙance har sai ya sa an ninka girmansa, batir kuma ya riƙa zuba a garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. Duk aikinsa wasiƙa ce da WhatsApp.

Wanda ya fi ba da dariya shi ne Alhajin da ya zo da ɗan rakiya, wani ɗan ƙaninsa da aka ce ya karanci kwamfuta. Yaron ya karɓe cinikin, yana ta turanci da mai shago, yana neman allo mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa saboda wasannin da shi yake sha'awa, alhali Baffa lissafin buhunan shinkafa zai yi, wanda sau 60 ma ya yi masa yawa. Alhaji na gefe yana gyaɗa kai, bai ma sa tabaransa ba. A ƙarshe mai shago ya ce, “Ranka ya daɗe, ai sabuwa ce fil, in aka yage leda wa zai saya?” Kunya ta hana a buɗe kwali, sai an je gida a tarar da mataccen ɗigo a tsakiyar allo, baƙi ƙirin kamar ƙuda a ƙwaryar nono.

Za a iya cewa ai ido ne ya yaudari mai son sheƙi, don haka lamba ta fi aminci. Akwai gaskiya a ciki. Mai zana katin biki ko mai ɗaukar hoton atamfa don talla dole ya duba takarda, domin allon da aka rubuta wa kashi 45 na NTSC launinsa a koɗe yake, wanda ya cika kashi 100 na sRGB ne zai nuna masa ja na gaskiya. Sai dai lamba tankaɗe kawai take yi. Kamfani ɗaya yakan fitar da samfuri ɗaya da allo iri biyu ko uku, suna ɗaya a kwali, kuma babu takardar da ke faɗin cewa wannan da ke gabanka haske na yoyo ta kusurwarta. Idon da aka yaudara a shago, shi ne wanda aka bar wa mai shago zaɓin abin da zai kalla. In mai saye ya buɗe farin shafi ya nemi tabo, ya buɗe baƙi ya duba gefuna, ya karkata murfi gaba da baya, ya kai kwamfutar bakin ƙofa da haske a ƙure, sannan ya rage hasken ya haska kyamarar wayarsa ya ga ko allon na ƙyafta ido, ba zai kai minti goma ba.

Masu cewa kuɗi ne ba su kai ba, su ma ba su yi ƙarya ba, allo mai kyau da tsada yake zuwa. Amma a kuɗi ɗaya sau da yawa akan samu Core i5 mai allon IPS a gefen Core i7 mai TN, kuma ɗalibi ko ma'aikacin ofis ba zai taɓa jin bambancin furosesan ba, bambancin allon kuwa tun daren farko zai ji shi a ido. Batun leda ma da sauƙi: a daidaita tun kafin a biya cewa za a buɗe kwali a gaban mai shago, in an ga aibi a sauya, a kuma rubuta hakan a rasit. Mai shagon da ya ƙi, akwai wani a maƙwabtansa.