Ire-iren Masu Neman Gyara a Kwatas

Gidajen da gwamnati ke ba mutane a yankin Kebbe da Tambuwal yawanci kwatas ne: na malaman makaranta, na ma'aikatan asibiti, na ƙaramar hukuma, sai kuma barikin 'yan sanda. Samfurin da ake kira lokos ya bazu a ƙasar nan zamanin Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983. A ƙa'ida, babban gyara irin na rufi, bango da masai yana wuyan hukumar da ta mallaki gidan. Mazauni zai rubuta koke ta hannun shugabansa zuwa sashen ayyuka, a turo a duba, a yi ƙiyasi, sannan a jira kuɗi. Masu cin gini kuwa sanannu ne: iskar farkon damina mai yaye kwano, da gara, da jemagun silin. Mazauna sun kasu shida, gwargwadon wanda kowa ya ɗauka shi ne mai gidan.

Na farko shi ne Mai Takarda. Ya yi imani gidan na gwamnati ne, kuma gwamnati tana karatu. Yana da jakar leda cike da kofen koke-kokensa, kowane da kwanan wata da hatimin karɓa. Ya san masinja da suna, ya san teburin da fayil ɗinsa ya kwana. Kullum amsar ɗaya ce: "Ana kan dubawa." Takardarsa ta baya-bayan nan tana neman a gyara silin da ya rufto kan takardun baya.

Na biyu Mai Tara Kwanoni. Ba ya rubutu, ba ya ƙorafi. Hadari na haɗowa ta gabas, iyalinsa sun san aikinsu: roba ƙarƙashin fanka, tukunya bayan ƙofa, langa a kan akwati, a ja gado kamu biyu zuwa kudu. In baƙo ya yi magana sai ya ce, "Ai na bana da sauƙi, bara har buta munka sa." Da safe a yi wanki da ruwan da aka tara, a gode wa Allah.

Na uku Mai Hanya. Yana ganin rubuta koke aikin marasa gata ne, tunda surukin ƙanensa direban kansila ne. Lokacinsa shi ne gab da zaɓe, sa'ad da 'yan takarar mazaɓar Kebbe da Tambuwal ke yawan gaisuwa. Yakan samu fenti a bangon da ke kallon titi. Yoyon dai yana nan.

Na huɗu Injiniyan Dole. Rufinsa ya sha duwatsu da tsofaffin tayoyi, famfonsa ɗaure da robar tayar keke, tsagar bango toshe da buhun siminti. Ba ya kiran kafinta ko birkila. Gyaransa yana riƙewa, sai dai duk wanda ya gaje shi ba ya gane wace waya ce ke kunna wace fitila.

Na biyar Ɗan Jiran Canji. Tun ranar da ya sauka yake cewa an kusa mayar da shi Sakkwato, don haka ba zai kashe ko sisi a gidan wani ba. 'Ya'yansa sun gama firamare a nan. Ranar da canjin ya zo, yakan kwance kwan lantarki, da kwaɗo, da ƙusar rataye riga.

Na shida Magajin Kwatas. Kawunsa aka ba gidan, kawun ya yi ritaya tuntuni. Ya fasa bango ya ƙara shago, ya mayar da banɗaki turken tumaki, ya shuka kuɓewa a tsakar gida. Shi kaɗai ne ba ya son a zo gyara, domin mai duba rufi yana iya duba rajista. In ya hango farar mota da tambarin hukuma, sai ya ce wa yara, "Ku ce ba ni nan."

Gyaran da aka fi samu shi ne wanda aka nema a rubuce tun da rani, da hoton ɓarnar, da sa hannun mazauna gaba ɗaya. Wannan kuwa yana buƙatar su shidan su zauna kan tabarma guda: Mai Takarda ya rubuta, Mai Hanya ya kai, Injiniya ya yi ƙiyasi. Magaji ne kawai ke turo uzuri.